Me ke riƙe mutane a wasannin 'yan fashin teku na intanet?

Kainuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma da gaske nake, ba neman rigima ba. Abokan da muke buga gem tare duk sun tare a Sea of Thieves, in ka kira su wani wasan sai su ce su kam suna teku. Abin da na fahimta shi ne: ku shiga jirgi, ku yi ta tafiya ba abin da ke faruwa, ku tono akwati a wani tsibiri, kafin ku kai wurin sayarwa wasu su nutsar da ku su kwashe komai. Sannan an ce min duk zinaren da ka tara ba ya saya maka makami mai ƙarfi, sai tufafi da adon jirgi. To me ake nema a ciki? Waɗanda suka daɗe a irin waɗannan wasannin, wannan ɗin ko wani, don Allah ku fahimtar da ni.

Sarkin_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da kallo kawai ba za ka gane ba, domin daɗin ba a allo yake ba, yana cikin maganar da ke tsakanin mutanen jirgin. Ɗauki babban jirgin, mai cin mutum huɗu. Wanda ke riƙe da sitiyari ba ya ganin gabansa da zarar an saki filafilai, sun tare masa ido. Dole wani ya tsaya a goshin jirgi ko ya hau can ƙololuwa yana cewa "dama kaɗan, akwai dutse, to miƙe haka". Taswira tana kan tebur a ciki, ba ta bin ka a gefen allo kamar sauran wasanni, sai wani ya sauka ya duba ya gaya maka inda kuke. Filafilan uku ne, kowanne da igiyar ɗagawa da ta juyawa, iska na sauyawa sai a sake gyara su. Anka kuwa, sakinta nan take ne, amma ɗagota mutum ɗaya zai sha wuya, in kun taru ku huɗu yanzu-yanzu an gama. Kamfanin Rare, masu wasan, da gangan suka gina jirgin yadda ba wanda zai iya da shi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ba wa'azi ake yi maka ba, jirgin ne da kansa zai nutse in wani ya yi sakaci da aikinsa.

BaƙinHadari:
Ƙari a kan maganar Sarkin_Ruwa: akwatin ba naka ba ne sai ka miƙa shi ga mai saye. Wannan dokar ita ce wasan gaba ɗaya. Cire ta ka ga in wani zai ƙara waiwayar bayansa.

Kainuwa:
@BaƙinHadari ai wannan ɗin ne ya fi ɗaure min kai. Ka yi wahala wani ya zo ya ɗauke, kuma ka ce shi ne daɗin?

BaƙinHadari:
Shi ne fa. Tafiyar da ka ce ba abin da ke faruwa, in jirginka wayam yake, gaskiya ne tafiya ce kawai. Amma bari a ce akwai akwati goma jere a ƙasa, sai wani daga sama ya ce "na hango filafili ta arewa". Shi kenan kowa ya nutsu. An kashe fitilu, wani ya ɗauko madubin hangen nesa, ana gardama a gudu ko a tsaya. Tekun bai sauya ba, tazarar ba ta sauya ba, abin da ya sauya kawai yanzu kana da abin da za ka rasa. Kuma wanda ke cikin wancan jirgin mutum ne mai tunani, ba kwamfuta ba. Ba ka san ko kamun kifi ya fito ba, ko kai yake bi tun ɗazu.

Shiru_Kake_Ji:
Ni kuma ta wata ƙofar na shigo. Ba faɗa nake so ba, ba hayaniya. Ƙaramin jirgi nake ɗauka ni kaɗai, wanda ba ya cin fiye da mutum biyu. Komai na kusa da hannu: sitiyari, anka, igiyar filafili guda, taswirar ma kana leƙa ta daga sama. Abin da ke riƙe ni ruwan ne. Ban taɓa ganin wasan da aka yi wa ruwa aiki irin wannan ba. Igiyar ruwa tana ɗaga jirgin ta sauke shi, in rana ta biyo ta bayanta sai ka ga saman igiyar ya koma kore-kore, katako na ƙara a ƙarƙashinka. In ka faɗa cikin hadari kamfas ya rikice yana juyi, sitiyari na fizgar hannunka, ruwan sama na taruwa a ƙasan jirgi sai ka sauka ka kwashe da bokiti ka dawo da gudu kafin jirgin ya karkace. Da kunne kake sanin jirgi ya huje tun kafin ka gani, don ƙarar ruwan daban take. Bayan aikin yini, wannan ya fi min kowane wasan harbi.

Gagarabadau:
Malam Shiru, da girmamawa, amma irinku ne muke nema a teku. Ku tara, mu zo.

Kainuwa, kan maganar makami da ka yi, ka ɗauke shi a matsayin aibi alhali shi ne mafi adalcin abin da ke cikin wasan. Wanda ya fara yau da wanda ya fara tun fitowar wasan a Maris ɗin 2018, takobinsu ɗaya, bindigarsu ɗaya, igwarsu ɗaya, bugun da za su iya ɗauka kafin su mutu ɗaya. Ba wanda zai zo da sulken da ba ya hujewa don ya fi ka daɗewa ko ya fi ka kuɗi. In na nutsar da kai, to na fi ka sanin iska ne, ko na fi ka saiti, ko mutanena sun fi naka jin magana. Ci gaban a hannunka yake da kanka. Ka san ƙaramin jirgi ya fi babba gudu in ana fuskantar iska, babba kuma ya fi shi in iskar na bayansu? Wanda ya san wannan zai tsere wa mutum huɗu shi kaɗai. Ka san harsashin sarƙa na karya jigon filafili, jirgi ya tsaya cak? Ka san hujin da ke ƙasa da ruwa shi ake fara toshewa, na sama ya jira? Wannan ilimin shi ne matakinka, kuma ba a sayar da shi.

Abban_Yara:
Gagarabadau, ƙanina, maganarka ta adalci tana da kyau a baki, amma bari in gaya maka yadda take a wurin irinmu. Ni magidanci ne, ɗan lokacin da nake samu da dare shi ne ke nan. Na taɓa zama da ɗana muka bi wata taswira mai kacici-kacici, yaron ne ma ya warware ta, yana ta murna. Muna dab da tasha wasu mutum huɗu suka tare mu. Ba kayan ne suka dame ni ba. Abin da ya dame ni, bayan sun nutsar da mu suka tsaya suna zagi ta makirfo, yaro na ji. Takobinmu ɗaya da nasu, haka ne, amma su ƙwararru huɗu, mu uba da ɗa. Ina adalcin?

Gagarabadau:
Yaya, zagin ba na goyon bayansa ko kaɗan, wannan rashin tarbiyya ne, kuma akwai hanyar kai ƙararsu. Amma nutsarwar ba laifi ba ce. Sunan wasan ma ya gaya maka inda ka shigo.

Uwar_Ɗaki:
Abban_Yara, ai an yi wa irinku hanya. Tun Disambar 2023 aka ƙara wani ɓangare mai suna Safer Seas, inda kai da mutanen jirginka ne kaɗai a tekun, ba wani ɗan wasa. Da aka fara shi lada kashi 30 cikin 100 kawai ake samu, kuma akwai iyakar da darajarka ba ta wucewa, don kada kowa ya gudu can ya bar babban tekun ba kowa. Amma labaran da ake bi daki-daki duk suna nan, har da wanda suka yi da Disney a 2021. Da yara can nake kai su. In sun kwanta in koma inda ake fafatawa.

Abban_Yara:
Na gode 'yar'uwa, can muke yanzu. Sai dai zan faɗi gaskiya, ko da ta goyi bayan Gagarabadau: yaron da kansa ya ce min tekun ya yi shiru da yawa. Ba ya ƙara hawa sama ya duba ko'ina, don ya san ba mai zuwa.

BaƙinHadari:
To ka ji, Kainuwa. Yaro ma ya gane.

Tauraruwa:
Kuna ta magana kamar haɗuwa da baƙo faɗa ne kawai. Ni abin da ba na mantawa akasin haka ne. Wani dare muna gyaran jirgi a bakin wani tsibiri, ruwa ya kai mana gwiwa a ƙasa, katako ya ƙare. Sai ga matsakaicin jirgi, mai mutum uku, ya nufo mu. Mun riga mun sallama. Suka tsaya, ɗayansu ya yi iyo ya hau, igwoginsu duk a ɗage sama alamar ba faɗa. Yarensu ba ma ji, namu ba sa ji. Ya sauka ƙasa ya ga halin da muke ciki, ya ciro katako ya fara bugawa a huji, ɗan'uwansa ya zo da bokiti. Da aka gama sai ya ciro abin kiɗa ya fara, muka ciro namu. A wasan in wani ya fara waƙa ka shiga, kayan kiɗanku da kansu suke haɗuwa a kan sauti ɗaya. Muka yi ta kiɗa a kan jirgi mu biyar, sannan suka ɗaga hannu suka tafi. Akwatunanmu na gabansu a fili, ko ɗaya ba su taɓa ba.

Abin da ya ba wannan nauyi shi ne suna da ikon kashe mu su kwashe. Da wasan ya hana su, da alherin nasu bai zama komai ba. Don haka ni ina ganin Gagarabadau da Abban_Yara abu ɗaya suke kallo ta fuska biyu.

Sarkin_Ruwa:
Tauraruwa ta tuna min da farkon wasan. A Mayun 2018 da aka kawo ƙaton kifin shak ɗin nan, sai an taru mutum biyar ana kiɗa kafin ya fito. Jirgi mafi girma kuwa huɗu yake ci. Ka ga dole ka nemi baƙi ku amince da juna. Wasu sun ci amana bayan an kashe kifin, wasu kuma har yau tare suke bugawa.

Zakaran_Dafi:
Cin amanar ma fanni ne. Akwai masu ɓuya a jirginka tun kana tsibiri, su kwanta a bayan ganguna ko can saman jigo, su yi shiru har ka gama tara kaya, sannan su kunna gangar albarushi. Haƙurin da suke yi abin mamaki ne. Ni kullum kafin in ɗaga anka sai na zagaye jirgin sama da ƙasa, in duba ruwa ko akwai 'yar ruwan nan mai hayaƙi da ke fitowa in ɗan wasa ya yi nisa da jirginsa. In ka gan ta kusa kuma mutanenka duk suna nan, to kana da baƙo.

Ɗan_Kwalekwale:
Yara, kuna magana kamar a 2018 aka ƙirƙiro teku. Tun 2003 akwai Puzzle Pirates. Zanensa kamar na littafin yara, amma tunanin da Sarkin_Ruwa ya bayyana yana can tun lokacin: kowane aiki a jirgi ɗan wasan wasa ƙwaƙwalwa ne. Mai kwashe ruwa da nasa, kafinta da nasa, mai filafili da nasa, mai loda igwa da nasa. In kafinta ya yi sanyi huji ya yi yawa, mai kwashe ruwa ya rasa yadda zai yi, jirgi ya rage gudu, kowa ya ji a jikinsa. Kuma 'yan wasa ne ke da shagunan da ke ƙera jiragen da takubban. Bayansa Disney ta yi nata daga 2007 zuwa 2013, sai Pirates of the Burning Sea a 2008, wanda aka kafa a tekun Karibiyan na shekarar 1720, inda ƙasashe ke ƙwace tashoshin ruwa daga hannun juna. Kowannensu ya kama wani yanki na mafarkin. Abin da na yanzu ya ƙara shi ne ka tsaya da ƙafarka a kan jirgin, da idonka kake gani, da hannunka kake jan igiya.

Jan_Gwarzo:
Tun ɗazu wasa ɗaya ake ta yabo. Ni Skull and Bones nake bugawa kuma ba na jin kunyar faɗa. Kainuwa, abin da ka ce ka rasa a wancan, a nan yake. Kana tara katako da ƙarfe, ka ƙera jirgi mafi girma, ka zaɓi igwogin da za ka ɗora a kowane gefe, ka ga ƙarfinka na ƙaruwa a zahiri. Kowa da jirginsa, ku haɗu ku uku ku yi ayari ku far wa sansani. Kuma ba Karibiyan ba ne da aka gaji da shi, tekun Indiya ne, daga gabar gabashin Afirka har tsibiran kudu maso gabashin Asiya.

Gagarabadau:
Jan_Gwarzo, a naka kai ne jirgin, a namu kai mutum ne a cikin jirgi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Da ya fito a Fabrairun 2024, hawa jirgin abokin gaba ɗan hoto ne ake nuna maka, ba kai ke tsallakawa da takobi ba. Mutane sun sa rai ne da abin da suka gani a wasan Assassin's Creed IV: Black Flag na 2013, tunda daga jikinsa aka fara aikin, inda kake sakin sitiyari ka kama igiya ka dira a jirgin wasu. Shekara goma da ɗoriya ana aikinsa, shi ya sa aka yi ta ƙorafi.

Jan_Gwarzo:
Na san tarihin jinkirin, an sanar da shi a 2017 aka yi ta ɗagawa. Amma ni abin da ke gabana nake aunawa. Ba kowa ke da abokai uku da za su zauna lokaci ɗaya da makirfo ba. Ni ina shiga ni kaɗai, in yi rabin awa, in fita da abin da na samu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan_Kwalekwale:
Akwai gaskiya a nan. Kuma kar a manta shi ma Sea of Thieves da ya fito an soke shi sosai cewa ba komai a ciki, ayyuka iri uku ne ana ta maimaitawa. A hankali aka cika shi. Wasan Atlas kuma da ya fito a ƙarshen 2018 da alkawarin mutum 40,000 a duniya guda, farkonsa ya zo da matsaloli masu yawa. Yawan jama'a ba shi ne sirrin ba. Tekun da jirage biyar ko shida ne kawai a cikinsa ya fi sa gaba faɗuwa, don kowane filafili da ka hango labari ne.

Mai_Nazari:
Ku yi haƙuri in kawo wani abu da ke ci min rai, ko da zai ɗan kauce. Ina buga waɗannan wasannin kuma ina jin daɗinsu, amma ina so mu riƙa tuna su wane ne mutanen da ake yi wa ado. Jirgin shahararren ɗan fashin nan Blackbeard, Queen Anne's Revenge, jirgin bayi ne na Faransa mai suna La Concorde kafin ya ƙwace shi a 1717. Whydah na Sam Bellamy shi ma jirgin bayi ne, sunansa ma daga tashar cinikin bayi ta Ouidah, a ƙasar Benin ta yau, aka samo shi. Bartholomew Roberts a jirgin bayi yake aiki lokacin da 'yan fashi suka kama shi a 1719, ya zama shugabansu, aka kashe shi a 1722 kusa da Cape Lopez a Gabon ta yau, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast a Ghana ta yau. Henry Every kuwa a 1695 ya far wa Ganj-i-Sawai, jirgin daular Mughal da ke dawowa da alhazai, kuma abin da aka yi wa mutanen cikinsa, musamman mata, ba ya faɗuwa. Akwatin da ake binnewa da taswira mai alamar X yawanci daga littafin Treasure Island na 1883 ya yaɗu. A tarihi William Kidd ne aka tabbatar ya binne dukiya, a 1699, kuma ba a daɗe ba hukuma ta tono ta. Yawancin abin da suke sacewa sukari ne, da yadi, da magani, da kayan gyaran jirgi.

Uwar_Ɗaki:
Malam, ban musa ko ɗaya ba. Amma wasan da ake harba mutum daga bakin igwa ya sauka a tsibiri lafiya lau, ana faɗa da ƙwarangwal, akwai akwatin da ke kuka har hawayensa su cika jirgi, ba na jin wani zai ɗauke shi darasin tarihi. Tatsuniya ce.

Mai_Nazari:
Haka ne 'yar'uwa, ban ce a daina ba. Hasali ma akwai wani ɓangaren tarihin da nake ganin shi ne ainihin abin da ke jan mutane ba su sani ba. Matuƙan jiragen kasuwa da na soja a wancan zamanin bulala suke sha, albashi ba ya zuwa, kyaftin kamar sarki. A jirgin 'yan fashi kuwa zaɓen kyaftin ake yi, ana iya tsige shi, kuma ikonsa cikakke a lokacin faɗa ne kawai. Dokokin jirgin Roberts sun ce kowa na da ƙuri'a, kyaftin kaso biyu yake ɗauka, ba goma ba, wanda ya rasa hannu ko ƙafa ana biyansa diyya daga asusun kowa. Wannan shi wasannin suka ɗauko: jirgin da ba mai gida, ana ƙuri'a kan tafiyar da za a yi, zinare a raba daidai, wanda ya addabi mutane a jefa ƙuri'a a kulle shi a kejin ƙasa. Mutum ya wuni ana ba shi umarni, da dare ya samu jirgin da muryarsa ke da nauyi. Ina so ne kawai mu riƙe duka biyun, daɗin da kuma gaskiyar.

Tauraruwa:
Tunda an taɓo tarihi, mata ma suna ciki. Anne Bonny da Mary Read an gurfanar da su a Jamaika a 1720. Zheng Yi Sao ta jagoranci ɗaruruwan jirage a tekun kudancin Sin har ta yi sulhu da gwamnati a 1810. Na kawo wannan ne don har yanzu in na buɗe makirfo a cikin baƙi, wani lokacin sai yanayin jirgin ya sauya, a fara tambayoyin da ba su shafi wasa ba. Shi ya sa mata da yawa ke yin shiru suna amfani da rubutattun saƙonnin wasan. Kuma wasan da ginshiƙinsa magana ce, in ka yi shiru ka rasa rabinsa. Duk wanda ke da jirgi a nan, ya kula da wannan.

Sarkin_Ruwa:
Gaskiya ne, kuma hakkin kyaftin ne ya tsawatar tun kalmar farko.

Kainuwa:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Abin da na tsinta: wasu don aikin haɗin gwiwa suke ciki, wasu don fargaba, Shiru_Kake_Ji don ruwa, Jan_Gwarzo don ƙera jirgi. Amma tambayata ta farko ba ta mutu ba. In an ɗebe watanni ana yi, ka san kowane tsibiri, ka sayi duk rigar da kake so, me ya rage? Ba maimaici ba ne?

BaƙinHadari:
Ayyukan maimaici ne, wannan ba gardama. Tono, kai, sayar. Amma ayyukan dalili ne kawai na fitar da kai teku da kaya a jirgi. Abin da ba ya maimaituwa mutane ne. In kuma ka ji fargabar ta ragu, akwai tutar wakilci da aka kawo a 2020: ka ɗaga ta ladanka ya yi ta hawa har ninki biyu da rabi, amma masu tutar farauta in sun kai mataki na biyar suna ganinka a taswira duk inda ka shiga. Kai da kanka kake zaɓar yawan haɗarin da za ka ɗauka.

Shiru_Kake_Ji:
Ni ban yarda sai da haɗari ake jin daɗi ba. Akwai daren da ba na tono komai, in kama kifi, in gasa a murhun jirgi, in kai wa masu saye. Ba wanda ya bi ni, ban bi kowa ba, kuma ban ji na yi asarar lokaci ba.

Abban_Yara:
Ni kuma abin da zan ƙara, a kula da lokaci. Sea of Thieves ba shi da wurin tsayawa. Ba za ka ce bari in ajiye in dawo gobe ba, kayan da ba ka sayar ba sun tafi da zarar ka fita. Sai ka ce saura tsibiri ɗaya, sai wani jirgi ya biyo ka, gudun kaɗai ya ci awa guda. Abin da ke sa shi daɗi shi ne ke sa shi cin dare. Mu a gida mun sa doka: in lokaci ya kusa, a nufi tasha, ko me aka hango.

Zakaran_Dafi:
Kainuwa, shawara ɗaya. Kar ka fara da baƙi. Ka ce abokanka na ciki, to ka shiga jirginsu ka ce su ba ka bokiti da katako. Ƙasan jirgi a lokacin faɗa shi ne makaranta: ba ka ganin komai sai fitila na lilo, kana jin harsashi na fasa katako, ruwa na hawa, na sama na kiran "huji nawa?" kai kana amsawa. In jirgin ya tsira kowa ya san wa ya tsirar da shi.

Gagarabadau:
A'a, a ba shi igwa. Wanda aka tura ƙasa ranar farko ba ya dawowa rana ta biyu. Bari ya harba ya ga jigon wasu ya faɗi tukuna.

Uwar_Ɗaki:
Ku biyun duk kun yi gaggawa. Akwai tafiyar koyo da wasan ke farawa da ita, mutum shi kaɗai a tsibiri, ya koyi ɗaga filafili da toshe huji ba mai yi masa ihu. Ya gama wannan kafin a yi maganar igwa ko bokiti. Kainuwa, a kan me kake bugawa, kwamfuta ko Xbox ko PlayStation? Tun Afrilun 2024 yana kan PS5, kuma duka ana haɗuwa a teku ɗaya, sai dai masu bugawa da abin riƙewa na Xbox ko PlayStation suna iya zaɓar kada a haɗa su da masu linzamin kwamfuta.

Jan_Gwarzo:
Kuma in ya gwada bai yi masa ba, ƙofarmu a buɗe take. Har yanzu ba wanda ya amsa min abin da mutumin da ba shi da abokan bugawa zai yi a naku tekun, ban da zama abincin su Gagarabadau.